Shugaban Asibiti Ma Renonsa Ake Yi

Sau uku aka hana Goggo cin abinci tun daga sha biyun dare. Sau uku aka sa mata rigar tiyata da sassafe, sau uku kuma aka maido ta gadonta ba a taɓa ta ba. Maƙoƙo ne ya girma a wuyanta har ya fara shaƙe ta in ta kwanta. Likita ya ce sai an yi aiki, muka kai ta wani asibitin gwamnati aka ba mu gado. Ranar farko injin dafa kayan tiyata ne ya tsaya, mai gyaransa kuma sai an kira shi daga wani gari. Rana ta biyu aka wayi gari ba wuta, janareta ba mai, don mai kawo dizal ya rantse ba zai ƙara sauke ko lita ɗaya ba sai an biya shi kuɗinsa na baya. Rana ta uku fayil ɗinta ya yi ɓatan dabo tsakanin ɗakin kati da ɗakin kwanciya. Ko da aka gano shi azahar ta wuce, an shiga da wani, gwajin jinin da muka biya kuma ya kwana biyu, sai an sake.

Duk ranakun nan likitan yana nan. Na gan shi da idona sanye da kayan aiki, yana kai da kawo a baranda. A rana ta uku ya ja ni gefe ya ce, "Malam, don Allah ku yi haƙuri. Tun bakwai nake nan da mutanena. Abin da ya tsayar da aikin nan ba a hannuna yake ba." Da na koma na gaya wa Goggo, sai ta juya fuskarta bango ta ce, "Ɗan nan, ka mai da ni gida. In da sauran shan ruwa, a can ma zan sha." Da ƙyar muka lallashe ta. A karo na huɗu Allah Ya nufa aka yi, ta tashi lafiya, yau tana nan cikin jikokinta.

Tun daga lokacin nake juya maganar likitan nan a raina. In ba a hannunsa yake ba, a hannun wa yake? Mun saba in ana zancen asibiti mu ce ba likitoci, ba kayan aiki, ba kuɗi, kuma duk gaskiya ne. Amma a ranakun Goggo akwai likita, akwai inji, akwai janareta, kuɗin aikin ma mun biya. Wanda babu shi ne mutumin da ya san injin nan sai an duba shi duk bayan wata kaza tun kafin ya tsaya, ya san man da ya rage a tanki da kwanakin da zai kai, ya san bashin ɗan kwangila ya kai inda zai yi fushi, ya kuma shimfiɗa hanyar da fayil zai bi daga hannu zuwa hannu bai ɓata ba. Wannan sana'a ce mai zaman kanta. Mu nan Gombe da Bauchi, da ma ƙasar baki ɗaya, ba mu ɗauke ta sana'a ba, shi ya sa ba ma koyar da ita yadda ake koyar da sana'a.

Dubi yadda muke yin likitan tiyata. Shekara shida a jami'a, shekara ɗaya ta gwajin aiki a ƙarƙashin manya, shekara ɗaya ta hidimar ƙasa. Sannan ya shiga horon ƙwarewa na shekara biyar ko shida a asibitin koyarwa, yana kwana a bakin aiki, yana miƙa wa babba almakashi, yana rubuta jarrabawar kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma, wani ya faɗi ya sake. Sai bayan shekara goma sha uku ko fiye ake kiransa ƙwararre. Ba wanda ke ganin an tsananta, don rai ne. To amma asibitin gaba ɗayansa, mai gado ɗari ko ɗari biyar, mai ɗaruruwan ma'aikata da miliyoyin kuɗin jama'a, wanda rayukan da ke cikinsa suka ninka na teburin tiyata guda, da takarda ɗaya muke miƙa shi.

Ina da aboki tun muna sakandare, likita ne, mutumin kirki, ana kuma yabon hannunsa. Wata Juma'a aka kira shi ma'aikata aka ba shi takarda ya je ya riƙe wani babban asibiti a ƙaramar hukuma, ya kama aiki Litinin. Wanda ya gada an riga an tura shi wani wuri, mabuɗan ofis ma a hannun masinja ya same su. Bayan mako biyu ya kira ni da tsakar dare, da yake ya san aikin akanta nake yi, ya ce, "Mutumina, an kawo mini takardun asusun magani in sa hannu, wallahi ban san ta inda ake karanta su ba. In na sa ina tsoro, in na ƙi a ce na tsayar da aiki." Mutumin da ke buɗe ciki ya ɗinke da hasken fitilar waya in wuta ta ɗauke, ga shi takarda mai shafi uku ta hana shi barci. Cikin duk shekarun da ya yi yana karatu ba ranar da aka zaunar da shi aka nuna masa yadda ake karanta kasafi, ko yadda ake raba ma'aikatan jinya ashirin a ɗakuna shida dare da rana, ko yadda ake zama da shugaban ƙungiyar ma'aikata tun magana ba ta zama yajin aiki ba.

Dokar da ta tsara shugabancin asibitocin koyarwa na tarayya tun 1985 ta ce shugaba ya zama likita mai takardar ƙwarewa, ta kuma ce ya kasance ya goge a harkar gudanarwa. Sai dai ba ta faɗi inda zai samo gogewar ba, ba ta kuma ɗora wa kowa alhakin ba shi ita ba. Don haka kowa a kan kujera yake koyo. Kuɗin makarantar kuwa majinyata ne ke biya, da jira, da yunwar daren tiyata, wani lokaci da abin da ya fi haka.

Wasu ƙasashe sun daɗe da gane wannan. A Amurka tun 1934 Jami'ar Shikago ta buɗe karatun digiri na biyu a kan gudanar da asibiti, wasu jami'o'i suka bi sawu. Amma su ma sun ga aji kaɗai ba ya fitar da shugaba. Shi ya sa manyan asibitocinsu, irin su Mayo da Johns Hopkins da Cleveland, ke ɗaukar matasan da suka gama digirin na biyu su riƙe su shekara ɗaya ko biyu, da albashi, a wani tsari da ba ni da sunan da ya fi dacewa da shi a Hausa irin reno. Ana haɗa matashi da wani babba cikin shugabannin asibitin ya zama ubangidansa. Yana bin sa taro, har wanda ake rufe ƙofa, yana jin yadda ake yanke shawarar da ko ta ina aka ɓullo sai wani ya yi kuka. Yana zagaya sassa, wata kaza a wurin kuɗi, wata kaza a sayen kaya, wata kaza a harkar ma'aikata. Sannan a damƙa masa matsala ta gaske a ce ga ta nan ka warware, in ka kauce akwai babba a bayanka da zai tare kafin a yi ɓarna. Shi ne dai horon likitan tiyatar nan, aka yi wa mai riƙe asibiti irinsa.

A Ingila hukumar lafiyarsu ta ƙasa, wadda aka kafa a 1948, ta fara nata shirin tun 1956, kuma har yau yana nan. Ana ɗaukar waɗanda suka gama jami'a, a fara da zagaya da su cikin masu tura marasa lafiya da masu motar asibiti da ma'aikatan jinya, kafin a ba su wani sashe su riƙe a ƙarƙashin kulawa. Wasu daga cikin waɗanda suka shugabanci hukumar gaba ɗayanta daga baya ta wannan ƙofa suka shigo. Duk da haka, a 1983 da gwamnatinsu ta sa wani ɗan kasuwa mai suna Roy Griffiths, babba a kamfanin kantunan Sainsbury's, ya duba mata yadda ake tafiyar da asibitoci, sai ya rubuta cewa da Florence Nightingale, shahararriyar ma'aikaciyar jinyar nan ta Ingila ta zamanin da, za ta dawo da fitilarta ta bi barandar asibitocin, to masu riƙe da wurin za ta yi ta nema. Duk wanda ya taɓa zaman jinya a wajenmu ya san wannan neman. Nas ta tura ka famasi, famasi su tura ka wurin akanta, akanta ya ce maigida ya fita.

Kada wani ya ce ai wannan al'adar Turawa ce. Mu ne ma muka fi kowa sanin reno. Ba direban tirelar da ya fara da sitiyari. Yaron mota yake fara zama, ya yi shekaru yana ɗaure kaya, yana canja taya a dokar daji, yana sauraron kukan inji har ya iya gane ciwonsa da kunne. A kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe ba mai ba yaro jari ranar da ya zo. Sai ya yi ɗinkin buhu, ya yi awo, ya bi maigida kasuwannin ƙauye ya ga yadda ake ciniki, ya ga shekarar da farashi ya karye da yadda aka tsira da uwar kuɗi, kana a yaye shi. Haka maƙeri, haka tela, haka wanzami. Sai da muka zo wurin da aka tara rayuka muka ajiye wannan hikima muka riƙe takarda.

Abin da muka sa a gurbin reno shi ne bita: kwana uku a otal a Abuja ko Kaduna, a dawo da satifiket. Ban raina abin da ake koyarwa a can ba, kuma muna da cibiyoyi na gaske, irin kwalejin horar da ma'aikatan gwamnati da ke Badagry da cibiyar nazarin manufofi da tsare-tsare ta ƙasa da ke Kuru kusa da Jos. Amma Kuru sai mutum ya fara furfura a aiki ake tura shi, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da ya hana aikin Goggo kuma a bayan asibiti ake koyonsa, can inda tankin mai da ɗakin wanki suke.

Nauyin kuwa kullum ƙaruwa yake yi. Cibiyar lafiya ta tarayya da aka kafa a Gombe a 1996 ta zama asibitin koyarwa a 2014. Tsohon asibitin ƙwararru na Bauchi ya koma asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a 2010. Azare ta samu jami'ar kimiyyar lafiya ta tarayya. Ga manyan asibitocin jiha warwatse a ƙananan hukumomi ashirin na Bauchi da goma sha ɗaya na Gombe. Kowanne kujera ce da wani zai hau, kuma wanda ya hau yau ba duniyar magabatansa zai tarar ba. A Afrilun 2024 kuɗin wuta na rukunin da ake kira Band A, wato masu samun wuta mafi yawan sa'o'i a rana, ya ninka fiye da sau uku, ya kai naira 225 kowane yunit. Shugaba sai ya iya lissafin da zai nuna masa ko sola ce mafita, a wane ɗaki za a fara sa ta, wa kuma zai riƙa goge farantan da duba batura bayan an watse daga bikin buɗewa. Dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya, jihohin biyu kowacce da hukumarta ta taimakekeniya, GoHealth a Gombe, BASHCMA a Bauchi. Kuɗi ne na gaske, amma ba a ba da shi da baki. Sai an cika takarda daidai, an tura a kan kari, an bi sawu. Asibitin da ba shi da mai iya wannan zai yi aiki ya ba da magani, kuɗin ya maƙale, wata mai zuwa a ce wa mai katin inshora magani ya ƙare ya je waje ya saya. Shi kuma ya koma unguwa ya shaida wa kowa inshora yaudara ce, mutum goma su fasa shiga.

Ko asusun magani mai juyawa, wanda ya hana abokina barci. Dabara ce mai sauƙi da ta bazu a Afirka bayan taron Bamako na 1987: a sayar da magani, a mai da kuɗin a sake sayowa. A aikina na ga yadda irin wannan asusu ke mutuwa, kuma ba kullum sata ke kashe shi ba. A ari kuɗin a sayi dizal da niyyar biya ƙarshen wata, a ba wani babba magani bashi don ana jin nauyinsa, a sayo abin da ba a bukata ya lalace a sito. Kowanne da kyakkyawar niyya, bayan shekara kanta ta zama wayam.

Misalin da ya fi taɓa ni shi ne na Kaltungo. Asibitin saran maciji da ke can yana karɓar mutane daga Gombe da jihohin maƙwabta, akasarinsu manoma da makiyaya da kububuwa ta sara. Kowa a yankin ya san lokacin da saran ke yawaita, lokacin shuka da lokacin girbi. Maganin dafin kuwa daga ƙasar waje ake kawo shi, da tsada, ba abin da ake aika yaro ya sayo a bakin titi ba ne. Wato ran manomin da za a sara a gonar gero da kaka ya rataya a kan takardar da wani ya rubuta tun watanni kafin nan, da kuɗin da ya bi ofis-ofis har aka saki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Haka zazzaɓin Lassa, wanda Bauchi na cikin jihohin da ya fi addaba, kuma an san da rani yake tasowa. Safar hannu da rigunan kariya da ɗakin keɓewa tun da kaka ake tanadinsu, in ba haka ba ma'aikatan jinya ne za su fara kwanciya.

Na san inda maganar nan za ta yi zafi. Da an ambaci shugabancin asibiti sai tsohuwar rigima ta tashi. Likitoci na cewa jagoranci nasu ne, sauran ma'aikatan lafiya da ke ƙarƙashin haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu ta JOHESU na cewa an mai da su 'yan kallo, an kuma sha yajin aiki da wannan batu a ciki. A ganina gardamar ta cinye mana shekarun da ya kamata mu yi wata tambaya daban. Ko likita ne, ko nas, ko mai haɗa magunguna, ko akanta, shin an koya masa? Likitan da ba a koya wa ba zai yi tuntuɓe, wanda ba likita ba ma haka, ƙila fiye, don shi ko harshen ɗakin tiyata ba ya ji. Asibitin Mayo da ake zuwa daga ko'ina a duniya likita ne ke shugabantarsa, amma tun zamanin waɗanda suka kafa shi ake haɗa likita da gogaggen mai gudanarwa su riƙe tare, har a matakin sassa. Namu tsarin ma a takarda kusan haka yake: ga shugaban asibiti, ga shugaban kwamitin ba da shawara na likitoci, ga daraktan mulki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma hannuwan ma sai sun iya ɗauka.

Ba sai mun je nesa neman shaida ba. Farfesa Muhammad Ali Pate, ɗan Misau, wanda aka naɗa ministan lafiya a 2023, a Zariya ya karanta likitanci, daga baya ya je Jami'ar Duke a Amurka ya yi digiri a harkar gudanarwa. Ko mutum ya yarda da manufofinsa ko bai yarda ba, tafiyarsa ta nuna likitanci da gudanarwa karatu biyu ne. Sai dai yara nawa ne daga Dukku ko Ningi za su samu hanyar zuwa Duke? Dole a kawo abin gida.

Abin da nake so in gani bai fi ƙarfin jiha ba. Kowace jiha ta ɗauki mutum shida a shekara, shida kawai, don ba a reno da taro. A buɗe ƙofa ga duk mai digiri na biyu a lafiyar al'umma ko gudanarwa ko abin da ya dangance su, wanda bai yi nisa a aiki ba, ko daga wane fanni ya fito. A tabbatar akwai mata. Duk wanda ya kwana a asibiti ya san matan da ke riƙe da ɗakunan kwanciya su ne ke tafiyar da wurin da dare, su nemo jini, su taso mai janareta, su kashe rigima, ba a kuma taɓa kiran abin da suke yi shugabanci ba.

Watanni uku na farko kada a ba su ofis, kada a ba su kujera. Su tsaya a ɗakin kati tun asuba su ga tsohon da ya taso daga Nafada da duhu, ya biya kuɗin mota da kuɗin akuyarsa, aka ce masa ya dawo jibi. Su kwana a ɗakin haihuwa. Su zauna da mai janareta, su shiga sito su ƙirga kwalaye da hannunsu, su bi shara har inda ake ƙona ta, su tsaya a ɗakin ajiye gawa su ga yadda ake miƙa wa mutane mamacinsu. Su ga halin matar da ba ta jin Turanci, Hausar ma sama-sama, da Fulatanci ko Tangale ko Tera kaɗai take iya faɗin inda ke mata ciwo. Sauran shekarar su yi ta a asibitin koyarwa, kowa a bayan ubangidansa, Jami'ar Jihar Gombe ko ta Tafawa Ɓalewa na ba su karatu yini ɗaya a mako: lissafin kuɗi, dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, asusun bai-ɗaya, ƙa'idojin aikin gwamnati. Shekara ta biyu a fitar da su daga babban birni, a kai su Bajoga da Billiri da Kumo, ko Toro da Jama'are da Darazo. Kowa a ba shi matsala ɗaya da za a iya aunawa, kamar yawan tiyatar da ake ɗagawa, ko sa'o'in da mutum ke jira kafin ya ga likita, ko magungunan da ke yankewa. A rubuta yadda ya same ta, a rubuta yadda ya bar ta. Wannan ce jarrabawarsa.

Sannan a tanadi kujerar da zai hau, don a nan ne irin waɗannan shirye-shirye ke mutuwa. In ka reni mutum shekara biyu ka mai da shi teburin da ka ɗauko shi, yana kallo ana naɗa masa wanda bai san komai ba, to ƙungiyoyin agaji na waje ka horar wa ma'aikaci, su za su ɗauke shi. A rubuta cikin ƙa'idojin hukumar kula da asibitoci cewa nan da wasu shekaru ba mai riƙe babban asibiti, ko ya zama sakatarensa, sai wanda ya bi ta wannan hanya ko irinta. Shi kuma ya sa hannu zai yi wa jiha aiki shekara uku ko huɗu. Kuɗin shirin albashin mutane kaɗan ne, wasunsu ma da ma suna cikin ma'aikata, sai ɗan alawus na iyayen gida. A auna shi da kuɗin injin ɗaukar hoto guda da aka sayo da miliyoyi ya shekara a kulle saboda ba wanda ya sa kuɗin kula da shi a kasafi.

Ba na cewa shugaba nagari zai haifi kuɗi. Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja za su ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu, gwamnatin tarayya kuma ba ta taɓa cika shi ba. Wannan faɗa ne da dole a ci gaba da yi. Amma uwargidan da tukunyarta ta fi ƙanƙanta ita ta fi bukatar iya rabo.

Akwai abubuwan da ke ba ni tsoro a cikin shawarar nan tawa, kuma ba zan ɓoye su ba. In aka bar zaɓen a hannun alfarma, ɗan wane da ƙanin wane, shirin ya mutu tun ranar farko. A yi jarrabawa a fili, a manna sakamako a bango, Bauchi ta aiko masu tantance wa Gombe, Gombe ta aika wa Bauchi, ai kafin 1996 gida ɗaya ne. Iyayen gidan ma sai an tace su fiye da yaran, don reno yana gadar da hali, mai kyau da mummuna. Yaron da ya tashi a hannun mai karɓar na goro daga ɗan kwangila zai fito ya fi shi iyawa.

Wanda ya fi damuna kuwa shi ne hujjar masu adawa mafi ƙarfi. Mai gudanarwa na iya zama mutumin da ba ya ganin komai sai lamba. Ingilar da na yaba ta ɗanɗana wannan. A asibitin Stafford, tsakanin 2005 da 2009, shugabanni suka duƙufa kan daidaita kuɗi da cika ma'aunin gwamnati, ma'aikata suka yi kaɗan, aka riƙa barin marasa lafiya cikin ƙazanta da ƙishirwa. Rahoton binciken lauya Robert Francis da ya fito a 2013 ya shimfiɗa abin a fili. A wajenmu irin wannan cuta da kamar "sai an biya kafin a taɓa" za ta zo, mace na naƙuda ana nuna wa mijinta tagar biyan kuɗi, alhali dokar lafiya ta 2014 ta hana a juya wa mai bukatar taimakon gaggawa baya. Ni akanta ne, na san daɗin lamba in ta daidaita, na kuma san yadda take rufe wa mutum ido. Shi ya sa na nace kan watannin nan uku na farko, kuma da za a ce in zaɓi abu ɗaya cikin shirin da ba za a taɓa ba, su zan zaɓa. Wanda ya taɓa riƙe wa ungozoma fitila da ƙarfe ukun dare, ya ga abin da minti goma ke nufi, in ya hau kujera zai san abin da ke bayan lambar da ke gabansa.

Abokina yanzu ya shekara huɗu a kujerar. Ya koya, da tuntuɓe da asara da rashin barci. Yau in ka ga yadda yake bin takardar asusu layi-layi sai ka ce aikinsa ne tun asali, kuma an daɗe ba a ɗaga tiyata a asibitinsa saboda mai ba. Kwanaki na kai masa ziyara, ya ce ya ji ƙishin-ƙishin za a yi sauye-sauye, ƙila a mai da shi birni. Na tambaye shi wa zai bar wa wurin. Ya ce bai sani ba, sai dai duk su ji ranar wata Juma'a. Na ce, "To Likita, da za a ba ka yaro ka rena shekara guda kafin ka tafi, me za ka fara nuna masa?" Sai ya miƙe ya ce in biyo shi. Muka zaga bayan ɗakin tiyata wurin tankin mai, ya ɗauko wata sanda da ya yi wa zane-zane da wuƙa, ya tsoma, ya zaro, ya duba. Ya ce na kwana tara ya rage, mai kawowa kuma yakan ɗauki kwana biyar, don haka gobe da safe zai kira shi.